Wa ya tanƙwara Abuja a rikicin Nijar?

Malam Auwalu, Gwale: Masu cewa matsin lambar Arewa ce ta sa Najeriya ta sauko su dubi kwanan wata. Ranar 28 ga Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fice daga ECOWAS, ranar 24 ga Fabrairu aka ɗage takunkumin da ƙungiyar ta saka wa Nijar bayan juyin mulkin 2023. Tsoron wargajewar ƙungiya ne ya yi aiki.

Hajiya Rabi, Fagge: Malam, ka haɗa magana biyu. Fasa yaƙi daban, ɗage takunkumi daban. Wa'adin kwana bakwai aka ba Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin, ya mayar da mulki ko a iya tura soja, a taron Abuja na 30 ga Yulin 2023, bai ma cika ba Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan tura soja. Jihohi bakwai ne a bakin iyakar Nijar, daga Kebbi har Borno, sanatocinsu sun san garuruwan da harsashi zai fara faɗawa. Sarki Sanusi kuma ya ga Tchiani a Yamai bayan tawagar Abdulsalami ta farko ta dawo ba ta gan shi ba.

Alhaji Nasiru, Dawanau: Takunkumin ma da kansa ya rushe. An rufe Jibiya da Maigatari da Illela, amma wake da dabbobi ba su daina shigowa ba. An sauke kaya daga tirela, an raba wa ƙananan motoci da babura, an bi ɓarauniyar hanya. Kuɗin ɗauka ya hau kan buhu, kwastan ta rasa haraji, sojojin Yamai ko gezau.

Injiniya Bashir, Sharaɗa: Ku ƙara da wuta. A lokacin kusan kashi 70 na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa, kuma tun asali ana ba su ne don kada su datse kogin Neja kafin ya iso Kainji. Ka yanke, ka ƙara musu hujjar kammala madatsar Kandaji.

Malam Auwalu: Duk na ji. To amma Alhaji, kasuwannin Dawanau da Kwari sun yi wata bakwai suna kuka, ba a ba da umarnin buɗe iyaka ba sai Maris 2024. In kukan kasuwa ke juya Abuja, me ya hana tun Satumba?

Hajiya Rabi: Tinubu ne shugaban ECOWAS a lokacin, Malam. Da bakinsa aka ba da wa'adin, ba zai buɗe shi kaɗai ba sai ƙungiyar ta fara janyewa.