Muhawara: Hagu Duniya Take Juyawa ko Dama?

Malamin Jogirafi: Salamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da ta cika littattafan 'yan sakandare da bidiyoyin Facebook: wai idan aka hango duniyarmu daga sararin samaniya, saɓanin tafiyar hannun agogo take juyawa, kuma haka sauran duniyoyin da ke zagaya rana suke. Rabin farko dai na yarda da shi. Daga yamma zuwa gabas muke juyawa, digiri 15 a kowace awa. Shi ya sa da azumi mutanen Maiduguri suke riga na Sakkwato shan ruwa da kusan rabin awa: tsakaninsu digiri 8 ne, kowane digiri kuwa minti 4. A kan rabi na biyun nake son jin ta bakinku.

Injiniya: Wa'alaikumus salam. Malam, ai tun a rabin farkon aka yi tuntuɓe. "Yamma zuwa gabas" da "saɓanin hannun agogo" ba abu ɗaya ba ne. Ta farko ko'ina ka tsaya gaskiya ce, ta biyun kuwa sai an faɗi inda mai kallo yake. Ka duba tayar keke yana tafiya. Wanda ke gefen sarƙa zai rantse tayar bin hannun agogo take yi, wanda ke ɗaya gefen zai rantse saɓani take yi, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Haka duniya take. Daga saman ƙuryar arewa saɓanin agogo ne, daga saman ƙuryar kudu kuwa bin agogo take yi sak.

Malamin Jogirafi: Injiniya, kai ma ka san idan an ce "daga sama" arewa ake nufi. Duk taswira haka take.

Injiniya: Ba duka ba. Taswirar da masanin jogirafi Al-Idrisi ya zana wa Sarki Roja na Sisili a 1154 kudu ne a samanta. Shahararren hoton duniya da 'yan sama jannatin Apollo 17 suka ɗauka ranar 7 ga Disamba 1972 shi ma da ƙanƙarar kudu a sama ya fito, daga baya aka kifa shi don ya yi daidai da abin da ido ya saba. A can babu sama babu ƙasa. Mai ɗawafi ana iya cewa saɓanin agogo yake tafiya saboda Ka'aba tana hagunsa kuma ƙafarsa na kan daɓe, kansa na sama. Duniya kuwa a kan wane daɓe take tsaye?

Malamar Fiziks: Ku bari a kawo abin a hannu, don gardamar baki ba ta ƙarewa. A samo lemo ɗaya, tsinken tsire, biro da tocila. A soke lemon daga hanci zuwa gindi, a rubuta A (arewa) a saman, K (kudu) a ƙasan. A ɗiga ɗigo biyu a cikinsa a jere, na dama Maiduguri, na hagu Sakkwato. A kashe fitila, a ajiye tocila a hannun dama. Sai a murza tsinken ta yadda fuskar lemon da ke kallonka za ta riƙa tafiya daga hagu zuwa dama. Ɗigon Maiduguri zai riga shiga haske. Idan na Sakkwato ne ya riga, to baibai kake murzawa. Yanzu ba tare da ka daina ba, leƙa ta kan A, sannan ka ɗaga lemon ka leƙa ta K. Za ka ga juyi biyu mabambanta alhali yatsunka ba su sauya komai ba. Inda yara suke ɓata gwajin shi ne su kifa lemon don su ga K, sai hannu ya sauya murzawa ba su sani ba. Lemo ya tsaya yadda yake, kai ne za ka sunkuya.

Mai Safiyo: Malama, akwai wani tarkon da ya fi wannan. Wanda ya fuskanci arewa da dare a Kano zai ga tauraron arewa a tsayin digiri 12 daga doron ƙasa, sauran taurari suna kewaya shi saɓanin agogo. Sai ya ce tunda abin da ido ke gani kishiyar tafiyarmu ne, ashe duniya bin agogo take. Lissafinsa daidai ne, amma ya manta daga ƙasa yake kallon sama. Kifawa biyu ce ta haɗu, ɗaya ta soke ɗaya.

Injiniya: Bidiyoyin nan ma su ne suka fi rikita mutane. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa gudun kusan kilomita 7.7 take yi a daƙiƙa, ta nufi gabas, tana gama zagaye cikin minti 90 da ɗoriya. Ƙasa kuwa ko a layin ikwaita, wato ƙugun duniya, inda ta fi sauri, mita 465 take yi a daƙiƙa. Don haka a bidiyon tashar sai ka ga ƙasa tana komawa baya, kamar bishiyoyin bakin titi ga wanda ke cikin mota. Tauraron ɗan'adam da ke tsayin kilomita 35,786 kuma tafiyarsa ɗaya da juyin ƙasa, a kyamararsa duniya ko motsi ba ta yi, sai inuwar dare ke ratsa ta. Dalilin ke nan da ake ɗaure farantin dish sau ɗaya a bar shi. To a cikin waɗannan wanne ne "daga sararin samaniya"?

Malamin Jogirafi: Na ji. Za a ƙara "daga saman ƙuryar arewa" a allo. Amma kada ku sa yara su ɗauka abin duk son rai ne. Masu harba roka ba sa wannan gardamar. Turawa daga Kuru ta Giyanar Faransa suke harbawa, digiri 5 kacal daga ikwaita, su fuskanci gabas don su ci bulus ɗin gudun ƙasa. Isra'ila da take harba nata yamma ta kan Bahar Rum tun 1988, don kada ɓaraguzai su faɗa ƙasashen da ke gabashinta, dole take rage nauyin kaya. Juyin yana da alƙibla ta gaske.

Injiniya: Wannan babu ja. Sunan da aka ba alƙiblar nake ƙalubalanta, ba ita kanta ba.

Malamar Fiziks: To mu koma rabi na biyu, don shi ne ƙarya tsagwaronta. Duniyoyin takwas duka hanya ɗaya suke bi wajen zagaya rana, wannan gaskiya ne, gado ne daga faifan ƙura da iskar gas da aka ƙera su daga ciki shekaru biliyan 4.6 da suka wuce. Amma juyi a kan kai daban. Shida ne suke juyawa irin namu: Uɗaridu (Mercury), Duniya, Mirrihu (Mars), Mushtari (Jupiter), Zuhalu (Saturn) da Neftun. Zara matar wata baibai take yi, kuma da nawa ƙwarai: kwana 243 na duniya kafin ta juya sau ɗaya, alhali shekararta kwana 225 ce. Saboda juyin da zagayen suna cin karo, daga fitowar rana zuwa wata fitowar kwana 117 ne, kuma ta yamma take ɓullowa, ko da yake gajimarenta ba ya barin a ga ƙwayar ranar daga ƙasa. Wannan gajimaren ne ya sa ba a gano alƙiblarta ba sai da aka yi amfani da na'urar rada a farkon shekarun 1960. Yuranus kuma a kishingiɗe take, karkatarta digiri 98, tana mirginawa kamar tulu.

Mai Safiyo: A nan ne zan saɓa miki, Malama. Zara ba baibai take juyawa ba, a kife take. Ki naɗe yatsun hannun dama huɗu su bi juyin, babban yatsa zai nuna miki inda kanta yake. A wannan ma'aunin karkatar Duniya digiri 23.4 ce, ta Mirrihu 25, ta Zara 177. Ke nan juyin kowa iri ɗaya ne, ita dai kanta ne a ƙasa.

Malamar Fiziks: Yallaɓai, ai da wannan ma'aunin babu abin da zai taɓa juyawa baibai a duniya, ko katantanwar yara ce, tunda kai ka zaɓi kan bayan ka ga juyin. Ƙungiyar masana taurari ta duniya ba haka take yi wa manyan duniyoyi ba. A wurinta arewar kowacce ita ce ƙuryar da ke ɓangare ɗaya da arewarmu idan aka auna da shimfiɗar falakin duniyoyin. Da haka karkatar Zara ba ta kai digiri 3 ba, juyinta kuma baibai. Dokar hannun dama ƙananan abubuwa aka bar wa, irin su Fuluto da taurari masu wutsiya.

Mai Safiyo: To ai 177 da 3 ɗari da tamanin suka tashi. Abu ɗaya muke faɗa.

Injiniya: A yau abu ɗaya ne, amma a tarihi ba ɗaya ba ne. Ko dai sandar juyinta ce ta wuntsila gaba ɗaya, ko kuwa tana tsaye juyin ya yi ta raguwa har ya tsaya ya koma baya. A 2001 masana taurari Correia da Laskar sun nuna da lissafi cewa duka hanyoyin biyu suna iya kai ta inda take yanzu. Abin da ke aikin shi ne jan rana a kan jikinta da kuma a kan iskarta mai kauri, wadda nauyinta a ƙasa ya ninka namu sau 90 da wani abu, ga kuma gogayya tsakanin narkakken cikinta da ɓawon da ke lulluɓe da shi. Ta Yuranus kuwa yawancin masana karo suke zargi, wani ƙaton abu ya bangaje ta tun tana ɗanya, don manyan watanninta ma a karkace suke zagaya ta, daidai da ƙugunta.

Malamin Jogirafi: Akwai saƙon da ake ta turawa cewa Mirrihu ta taɓa tsayawa ta koma baya, har rana ta fito mata ta yamma.

Malamar Fiziks: Wannan an haɗa kaza da zabuwa ne. Mirrihu cikin awa 24 da minti 37 take juyawa, yamma zuwa gabas, ba ta taɓa fasawa ba. Abin da ake gani shi ne duk bayan kusan wata 26 Duniya tana shan gabanta ta layin ciki, sai a ga kamar tana ja da baya a tsakanin taurari har wajen wata biyu da 'yan kwanaki. Wanda ya fita da dare ya ɗauki hoton wurinta sau ɗaya a mako zai ga ta zana lauje a sama. Wannan tafiya ce a idon mai kallo, babu ruwanta da juyin jikinta.

Malamin Jogirafi: Ga abin da zan rubuta a allo, ku gyara: Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas cikin awa 23 da minti 56, daga saman ƙuryar arewa saɓanin agogo ne, daga kudu bin agogo, duniyoyi shida haka suke, Zara da Yuranus sun saɓa.

Mai Safiyo: A cire Yuranus daga layin Zara. Digiri 8 kacal ta haura kwanciya, ba za a haɗa ta da wadda ta kife ɗungurungum ba.

Malamar Fiziks: Ta haura 90 ko ba ta haura ba, Yallaɓai?

Mai Safiyo: Ta haura. Amma a rubuta "a kishingiɗe" a gabanta, Malam, ka kuma tafi ajin da lemo biyu, don na farkon ba ya kai ƙarshen darasi.