Ohio State da Michigan, ƙwallon Amurka na jami'o'i (hirar Nuwamba 2025): Asabar ɗin nan za a biya bashi

Ɗan Columbus: Salamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan ba na iya barci sosai. Shekara huɗu a jere Michigan na doke mu 'yan Ohio State: 42-27 a 2021, 45-23 a 2022, 30-24 a 2023, sai ta bara, 2024, 13-10, a gidanmu Columbus, ina zaune a filin cikin sanyi har yatsuna suka sandare. Mun ci kofin ƙasa a Janairu, mun doke Notre Dame 34-23, amma wallahi ko ranar sai da wani ya turo min 13-10. Bana mun yi wasa 11 ba a ci mu ko ɗaya ba. Julian Sayin na jefawa, Jeremiah Smith na cafkewa. Ku rubuta ku ajiye: ranar 29 ga Nuwamba 2025 a Ann Arbor, gidan Michigan, za mu ci 31-13. Zamanin sata ya wuce.

Na Ann Arbor: Wa alaikumus salam. Malam, sata kuma? Me aka sace maka?

Ɗan Columbus: Ka fi ni sani. Connor Stalions, ma'aikacinku, ya riƙa sayen tikitin wasannin abokan hamayya yana tura mutane su ɗauki bidiyon alamun da kociyoyi ke yi wa 'yan wasa da hannu. Kafin a taɓa ƙwallo kun san abin da za a yi. In ba sata ba, mene ne sunansa?

Na Ann Arbor: Karanta alamun abokin karawa ba laifi ba ne a doka, kowa na yi. Abin da aka hana shi ne tura mutum filin wani tun kafin ranar haɗuwarku. Saɓa ƙa'ida daban, sata daban.

Hajiyar Detroit: Gaskiya ƙanena kalmar ta yi nauyi. Abin da mutum ke yi da hannu gaban mutum dubu ɗari, wanda ya kalla ya zama ɓarawo? Ɗana a can yake karatu, ban yarda a kira makarantarsa gidan ɓarayi ba.

Ɗan Columbus: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, ban ambaci ɗanki ba. Amma NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, da kanta ta ci su tarar miliyoyin daloli a watan Agusta. Ana cin tarar mai gaskiya?

Na Ann Arbor: Ta ƙwace kofin ƙasa na 2023 da muka ci? Ta soke wasa ko guda? Kofin yana nan inda yake. Kuma wasan 2023 Stalions ya riga ya ajiye aiki, kocinmu Harbaugh na cikin dakatarwa, mataimakinsa Sherrone Moore ne ya tsaya a gefen fili, muka ci ku. Bara an sa wa masu jefa ƙwallo rediyo a hular kwano, koci na magana kai tsaye, ba sai da alama ba. Mun zo muku da nasara 6 da rashin nasara 5, kowa ya ce za ku yi mana raga-raga. Mai bugunku ya zubar da biyu, mai jefa ƙwallonku Will Howard ya jefa mana ƙwallo a hannu sau biyu. Wannan ma mu muka sace?

Malamin Lissafi: Ni dai a fahimtata sata ita ce ɗaukar abin da aka killace ba da sanin mai shi ba. Alama ba a killace take ba. Ku ce leƙen asiri, ya fi dacewa.

Ɗan Columbus: To Malam, ɗalibinka ya leƙa takardar na kusa da shi a jarrabawa, me kuke ce masa? Ba satar amsa ba?

Malamin Lissafi: Wannan daban ne.

Ɗan Columbus: Ta ina ya bambanta?

Autan Fagge: Yayyena, ni daga gida nake bin ku. Wai wannan abin da ake runguma a gudu da shi kuke kira ƙwallo har kuna ɓata zumunci? Ku zo Sani Abacha ku ga Pillars, ku ga inda ake taka leda.

Na Ann Arbor: Auta, filinmu na cin mutum sama da 107,000. Tun 1897 ake wannan karawa, kakanka ma ba a haife shi ba.

Autan Fagge: Yaya, kakana me ya yi maka? Ka janye.

Hajiyar Detroit: Ya janye. Amma ku 'yan Ohio ku fara gyara halinku. Bara yara sun ci wasa sun je kafa tuta a tsakiyar fili, kuka far musu da dambe, sai da 'yan sanda suka fesa barkono. Na gani da idona a talabijin, hankalina ya tashi.

Ɗan Columbus: Hajiya, wani ya shigo tsakar gidanki ya kafa tuta, shayi za ki dafa masa?

Hajiyar Detroit: Ka iya bakinka, na girme ka.

Ɗan Columbus: Ki yi haƙuri. Ni dai ba wanda ya ce komai a kan 31-13 ɗina. Mai jefa ƙwallonku Bryce Underwood yaro ne ɗan shekarar farko, bai taɓa haɗuwa da masu tsaron baya irin namu ba.

Malamin Lissafi: Har yanzu ina kan bakana, leƙen asiri ne.

Baba Shugaba: To ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta. An yi zargin sata, ba a kawo hujjar da ta tsaya da ƙafarta ba, kuma mafi yawan masu magana sun nuna kalmar ba ta dace ba. Kofin 2023 halal ne. An yi wa Hajiya rashin kunya, an ba ta haƙuri, mun gode mata. Maganar Auta a bar ta. Wasa ƙarfe 12 na rana ne, 6 na yamma agogon gida. Masu zuwa kallo gidana su zo da wuri, akwai tuwo da miyar kuka, kuma shuɗiyar riga ta Michigan za a sa.

Ɗan Columbus: Baba, mutum uku ne suka musa, biyu daga ciki 'yan Michigan ne, kai ne ɗan Michigan na uku. Zan zo, da jar rigata.