Rashin barci da faɗuwar gaba lokacin annoba: haƙuri kaɗai ya isa?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Daga korona ta 2020, da aka rufe masallatai da lakwal, zuwa sanƙarau da ya ɓarke a jihar Damagaram ƙarshen 2022, mutane da dama sun shiga rashin barci da faɗuwar gaba. A gida dai amsar ɗaya ce: "yi haƙuri". Yaya ake gane wanda haƙuri zai ishe shi da wanda sai likita?

Hajiya ta Zango:
Wa alaikumus salam, ɗana. A ƙirga kwanaki. Fargaba ta kwana uku ko huɗu bayan mummunan labari ba ciwo ba ce. Amma in an kai sati biyu mutum ba ya jin daɗin komai, abinci ya fita ransa, yana farkawa tun kafin asuba barci ya ƙi dawowa, ya bar sana'arsa, to a kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, su za su tura shi babban asibiti in da buƙata. Wanda ya ce gara ya mutu kuwa, ranar za a kai shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya daga ɗakin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce damuwa da ƙuncin zuciya sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta korona, saboda haka ba raunin imani ba ne.

Malam na Garin Malam:
Hajiya ta gama magana. Juriya kuma gina ta ake yi. Lokacin tashi ɗaya kullum, ko daren bai yi daɗi ba. Labarin annoba sau biyu a rana daga rediyo, a rabu da muryoyin WhatsApp. Tafiyar minti 30 da safe kafin rana ta yi zafi. In gaba ya faɗi, a ja numfashi ana ƙirga huɗu, a sake shi a hankali ana ƙirga shida, har minti biyar.

Inda samari ke ɓata lamarin shi ne fada, wurin hirarsu: shayi mai kauri har tsakar dare, sannan a ce barci ya ƙi. A tsayar da shi daga la'asar. Tramol da diazepam na ƴan talla sun fi muni, domin jiki na sabawa, ranar da babu su fargabar ta ninka.

Hajiya ta Zango:
Na manta ɗaya, Malam. Ruɗewa da sambatu tare da zazzaɓi da sandarewar wuya ba damuwa ba ce, ba iska ba ce. Alamar sanƙarau ce, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.