Wane irin gyaɗa ne kuturta ba ta kamawa?

Baban Ummi: Salam jama'a, damina ta matso, wane iri zan nema wanda kuturta ba ta kama shi? Gonar tana wajen Sandamu.

Na Zango: Samnut 24, kar ka wahalar da kanka.

Alhajin Kusugu: Ni dai abin da zan ce kar ka sayi iri a tiya a kasuwa. Bara haka na yi, mai shi har da rantsuwa wai ɗan cibiyar binciken noma ta Samaru ne, gyaɗa ta fito gwanin sha'awa, ana cikin noman farko sai ganye ya fara yin ɗorawa yana murɗewa, ta tsugune ta ƙi tashi, na yi feshi na sake feshi kuɗi suka tafi, ko harawar kirki ban ɗauka ba wallahi.

Malamin gona: Allah ya mayar da alheri Alhaji. Feshi darɓa kawai yake kashewa, wato ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, ita ke ɗauko bairos ɗin, ƙwayar cutar kuturtar, daga wannan tushe zuwa wancan, in ya riga ya shiga babu maganin da zai fiddo shi. Kariyar a cikin ƙwayoyin gadon irin take. Bairos bai iya hayayyafa da kansa sai ya yi amfani da jikin shukar, to iri mai juriya gadonsa ke hana cutar yawaita ko da darɓa ta sauka. A gyaɗa sai tsiro ya gaji juriyar ta uwa da uba duka, shi ya sa masu bincike na Samaru ke shekaru suna barbara suna zaɓe.

Ɗan Mai'aduwa: Malam ba irin nan ba ne na bature da aka sauya wa ƙwayoyin halitta (GMO), da ake ta rigima kansa?

Malamin gona: A'a, barbara ce tsakanin gyaɗa da gyaɗa. Asalin juriyar ma a gyaɗar manoman Burkina Faso da Kodebuwa aka gano ta.

Kawu: A 1975 muna yara kuturtar nan ta share gyaɗar Arewa, ku ba ku ga komai ba.

Na Zango: Kawu an fara tarihi 😂

Kawu: Gidanku.

Maman Sadik: Tana da mai dai? Mu masu ƙuli shi ne damuwarmu.

Na Zango: Sosai Hajiya, kuma cikin wata uku ta nuna.

Malamin gona: Ka shuka da ruwan farko Baban Ummi, ka matse tazara, darɓa ta fi son gona mai sarari.

Ɗan Mai'aduwa: Wai nawa buhun taki yanzu a Daura?