Ƙungiyoyin agaji na waje da rijiyar burtsatse: ta ina ake farawa?

Ɗan Kabi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwamitin masallacin wani ƙauye ne a ƙasar Argungu, mutum kamar 600, suna neman wata ƙungiyar Musulunci ta waje ta haƙa musu rijiya mai sola. Wace hanya ake bi?

Malamin Takarda:
Wa'alaikumus salam. Malam, manyan ƙungiyoyi irin su Islamic Relief, wadda aka kafa a Ingila a 1984, ko Direct Aid ta Kuwait da Dakta Abdurrahman As-Sumait ya assasa, ba sa tura kuɗi asusun mutum ɗaya. Sun fi aiki ta ofishinsu ko ta ƙungiyar gida mai rajista. To ko dai 'yan kwamitin su jingina da wata mai rajistar, ko su yi tasu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi: a zaɓi amintattu, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Sai takardar SCUML, sashen EFCC mai hana halasta kuɗin haram, don in babu ita banki zai yi ta jan ƙafa wajen buɗe asusu. Filin kuma mai shi ya rubuta cewa ya bayar wakafi, hakimi ya sa hannu. Duk wanda ya ce a biya kuɗin fom kafin Larabawa su zo, ɗan damfara ne.

Injiniya:
Ranka ya daɗe, a yi lissafi tukuna. Ma'aunin da masu agaji ke bi shi ne aƙalla lita 15 ga kowane mutum a yini, kan famfo ɗaya ga mutum 250. Mutum 600 lita 9,000 ke nan, wato tanki biyu masu lita 5,000 da kan famfo uku. Dabbobi ba sa ciki, kuma za a kawo su, ko an hana.

Ƙasar Argungu da Birnin Kebbi yashi ne da laka, ba kamar Zuru ba inda ake cin karo da dutse. Haƙa ba wuya, amma yashin ne ke kashe injin jan ruwa. In ɗan kwangila ya tsaga bututu da zarto a madadin matacin gaske, ko ya rage tsakuwar da ake zubawa kewaye da shi, yashi zai shiga ya cinye injin. A tsaya a kansa ranar sa bututu, a ƙirga da ido. A haƙa a bazara, wajen Maris ko Afrilu, lokacin da ruwa ya yi ƙasa. Rijiyar damina takan yaudari mutane. A nisanta da masai aƙalla mita 30, a toshe saman ramin da siminti, a gwada jan ruwa na sa'o'i kafin a biya cikon kuɗi.

Hajiyar Gwandu:
Ƙanena, ku tambaye su wa zai gyara. Ƙungiya za ta ɗauki hoto, ta liƙa allon sunan mai sadakar, ta tafi. A kafa kwamitin ruwa da mata a ciki, su ne masu ɗiba. A yanka ɗan kuɗi kan kowace jarka, a riƙa rubutawa. Farantan sola a ɗora su sama, a yi musu walda, a riƙa goge ƙura lokacin hunturu.

Malamin Takarda:
Hajiya ta yi gaskiya. Kuma a takardar neman a rubuta sadaka mai gudana, kada a ce zakka. Malamai da yawa ba su yarda a haƙa rijiya da zakka ba, ƙungiyoyin kuma asusun kowanne daban suke ajiyewa.