Babban kamshaf ne ke cin tsere, ko ƙara ce kawai?

Mai Chevy: Salamu alaikum manyana. Injina Chevy 350 ne, lita 5.7, kwamfureshan 9 da 1, giya otomatik TH350 da konbatar kamfani (konbata ita ce ke haɗa inji da giya a madadin kuloci), giyar baya 3.08. Da motar nake zuwa aiki, ƙarshen mako in kai ta tseren kwata mil. Kamshaf (kam, sandar da ke buɗe bawul) biyu nake dubawa, mai digiri 218 da mai 244, wato tsawon lokacin da bawul ke zama a buɗe, duka an auna daga ɗagawar inci 0.050. Ɗan Tsere ya ce in ɗauki babban, wai ƙaramin asarar kuɗi ne.

Ɗan Tsere: Na faɗa, kuma ina nan kan bakana. Inji famfon iska ne. In bawul ya daɗe a buɗe iska ta fi shiga, mai ya fi ƙonewa, doki, wato ƙarfin inji, ya ƙaru. Je fili ka saurari motocin da ke cin kofi. Akwai wadda ke silo lumui kamar ta kai yara makaranta? Duk gurnani suke, jiki na rawa.

Baba Makaniki: Ɗana, ka ji kukansu, amma ka taɓa leƙa ƙarƙashinsu? Waɗancan konbatarsu ba ta kamawa sai inji ya kai juyi 3,500 a minti ko fiye, giyar bayansu 4.10, kwamfureshan 11 zuwa sama. Kam ɗin ne kaɗai ke magana da ƙarfi, shi ya sa kake ba shi ladan aikin kowa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Injiniya: Bari in sa baki. Abin da aka manta shi ne lokacin rufewar bawul ɗin shigar iska. A babban kam, fistin ya riga ya juyo sama bawul bai rufe ba. In inji na gudu sosai, iskar na tahowa da ƙarfinta, tana ci gaba da cusa kanta ciki, riba ke nan. A ƙaramin juyi kuwa fistin korar ta yake ta koma inda ta fito. To kai da 9 da 1 kake, ga wani kaso na matsin ya zurare, me ya rage da zai tura taya? Mai 244 a 350 ba ya farkawa sai wajen juyi 3,000, konbatar kamfani kuma tana kamawa tun ƙasa da 2,000. Tsakanin nan mota nishi kawai za ta yi.

Ɗan Tsere: Yallaɓai, ai kai ka san lissafin: doki shi ne ƙarfin murɗawa sau juyi, a raba da 5,252. Ƙaramin kam numfashinsa na ƙarewa wajen 5,500, babban ya haura 6,000 yana ja. A rabin fili na biyu wa zai wuce wani?

Injiniya: Lissafinka daidai ne, amma ƙara masa wannan. Da giyar baya 3.08 da taya mai inci 26, a giya ta uku, in motar ta kai mil 100 a awa, wato kilomita 160, injin na wajen juyi 4,000 ne kacal. Da 4.10 zai kai 5,300. Filin duka mita 402 ne. Ya tashi a mace, ya ɗan ɗanɗana ƙarfin kam a ƙarshen giya ta ɗaya da ta biyu, sai ga layi. Ƙafa 60 na farko su ne rabin tseren, abin da ka rasa a nan da wuya ka fanshe shi.

Baba Makaniki: Ni ba ma tseren ke damuna ba, birki ne. Na taɓa ɗaura wa wani irin wannan kam, ya nace, na bi son ransa. Na sa gejin auna zuƙar iska a manifol, allura na rawa tsakanin 8 da 10, alhali injin kamfani na ba da 17 zuwa 20. Bustar birki da wannan zuƙar take aiki. Muka fita gwaji, takun farko lafiya, na biyu feda ta zama dutse. Da ƙafa biyu na tsayar da motar, gumi har cikin takalmi. A danja kuma sai ya riƙa taɓa totur don kada ta mutu, warin ɗanyen fetur na cika mana ido.

Ɗan Tsere: Baba, akwai famfon zuƙa na lantarki, a ɗaura shi magana ta ƙare. Konbata ma ana canzawa, giya ana canzawa. Abin da nake gudar masa shi ne saye biyu. Ya sa ƙarami yau, baɗi ya gyara sauran, sai ya sake buɗe inji.

Baba Makaniki: Nan kam ka yi magana. In da zai yi duka a tashi ɗaya, har da top silinda, wato kan injin da bawuloli ke ciki, ba zan ja da kai ba. Sai dai a lokacin ba motar zuwa aiki ba ce kuma. Konbata mai 3,500 a cunkoso dafa man giya take, sai da na'urar sanyaya man ta daban.

Mai Chevy: To in na ɗauki na tsakiya, kamar 224 zuwa 230?

Injiniya: Da konbata mai kamar 2,500 da giya 3.55 ko 3.73, zai yi daɗi. Ka duba LSA ma, wato tazarar digiri da ke tsakanin ƙulun kam na bawul ɗin shiga da na fita. Ni 112 zan ce, don silo ya natsu, birki ya samu zuƙa.

Baba Makaniki: A'a Injiniya, a nan mun raba gari. Kafireta ce da shi, ba kwamfutar da za ta rikice. 110 ya fi naushi a tsakiya, kuma yana rufe bawul da wuri kaɗan, abin da mai 9 da 1 ke buƙata ke nan.

Ɗan Tsere: Kun ga, ku ma ba ku daidaita ba, ni kuka taru a kaina.

Baba Makaniki: Digiri biyu muke ja a kai, kai ashirin da shida. Mai Chevy, wane top silinda ne a kai? In samfurin Vortec ne na kamfani, ɗagawar bawul ta wuce wajen inci 0.470 sai an yi masa aiki, in ba haka ba abin riƙe sifirin bawul ya daki sil ɗin bawul. Kuma ko wanne ka saya, sa sifirin da aka ce a sa masa, ka manna yumɓu a kan fistin, ka juya inji da hannu, ka yanka yumɓun ka auna tazarar bawul da fistin: aƙalla inci 0.080 a shiga, 0.100 a fita. In kam ɗin ba mai rola ba ne, tashin farko minti 20 zuwa 30 a juyi 2,000 zuwa 2,500, da baƙin mai mai sinadarin zinc. Ka bar shi a silo, ƙulu ya cinye.

Mai Chevy: Wallahi Baba ban san wane top ba ne, haka na sayi motar. Gobe zan cire murfin bawul in karanto muku lambar.

Ɗan Tsere: Ka karanto. In ya fito mai numfashi ne, ni dai 244 ɗina na nan.