Jijiyoyi masu zubar jini a ƙaramin hanji bayan tiyata: roba ko gam?

Dakta, Tudun Wada:
Salamu alaikum manyana. Mutum ne aka yi masa tiyatar Whipple (cire kan sashen ciki da ake kira pancreas da farkon ƙaramin hanji), bayan shekara biyu ya fara baƙin bayan gida. Da aka zura na'urar duba ciki ba a ga komai a maƙoshi da ciki ba, amma hoton CT ya nuna jijiyar fotal, mai kai jini daga hanji zuwa hanta, ta toshe, jijiyoyi sun kumbura daidai inda aka ɗinke bututun madaciya da hanji. Ɗaure jijiyoyin da roba ya dace ko yi musu allurar gam?

Likitan hanji, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam Dakta. A bar roba. Bangon ƙaramin hanji siriri ne, tsotso na iya hudawa, kuma in jijiyar ta fi bakin robar girma, ranar da robar ta faɗi jini ya ɓalle. Gam ɗin Histoacryl ya fi: mililita 0.5 a gauraya da mililita 0.8 na Lipiodol (mai da ke fitowa a hoto), allura lamba 21 ko 23, kada a wuce mililita 1 a huda ɗaya. A tura shi da ruwan allura, domin ruwan gishiri na daskarar da shi tun cikin bututu. A shafa wa bakin na'urar Lipiodol, kuma kada a tsotsa nan take, in ba haka ba gam ya toshe ta. Isa wurin ma aiki ne: na'urar ciki ba ta cika kaiwa ba, sai dai na'urar duba babban hanjin yara ko mai balan-balan. Babban abin tsoro shi ne gam ya bi jini zuwa hanta ko huhu.

Sista, sashen gaggawa:
Ranka ya daɗe, kafin nan a daidaita shi. Octreotide, maganin rage matsin jini a jijiyoyin hanji, maikirogiram 50 a jijiya, sannan 50 kowace awa, maganin ƙwayoyin cuta ceftriaxone giram 1 a rana. Ƙarin jini a tsaya a Hb (ma'aunin yawan jini) 7 zuwa 8, yawansa na ƙara matsi a jijiyoyin. A tanadi jinin tun kafin a shiga.

Likitan hoto, Zariya:
Dakta, a sake duba CT ɗin da kyau. In fotal ta toshe, waɗannan jijiyoyin su ne hanyar da jini ya samu zuwa hanta. Gam zai tsayar da zubar yau, amma matsin na nan, wasu za su kumbura. In siririyar waya na iya ratsa toshewar, a sa siten (ɗan bututun ƙarfe) ta cikin hanta a buɗe ta. A fara maganar tura shi inda ake wannan aikin tun yana kwance.